Kwamitin Ɗan Bushiya

A wani daji akwai makaranta a gindin tsamiya, inda 'ya'yan dabbobi ke koyon bambanta ganyen da ake ci da wanda ke kisa. Cikin 'yan ajin akwai Jatau, ɗan wata bushiya mai suna Tasalla. Da an ɗaga murya sai Jatau ya dunƙule ya zama curin ƙaya, ba ya warwarewa sai an tashi. Malam Zomo, malamin ajin, daƙiƙi yake kiransa. Hedimasta Gwanki kuwa ya gaya wa uwar cewa in damina ta fita yaron bai iya komai ba, ta zo ta ɗauki abinta, akwai masu jiran gurbin.

A daminar ne Shamuwa ta dawo daga ƙetare, inda ta karanci yadda ake koyar da yara irin Jatau. Ta dawo da abin da mu 'yan ƙetare kan dawo da shi, wato sababbin kalmomi da ɗan tausayin waɗanda ba su je ba. Ta hana a ce daƙiƙi, ta ce a ce mai buƙata ta musamman. Wannan kam ta kyauta. Ranar Tasalla ta ci abinci sosai, don ba a taɓa ambaton ɗanta ba tare da dariya ba sai ranar.

Sai Shamuwa ta kafa kwamitin tallafi, ta tsaya a ƙafa ɗaya ta raba aiki.

"Aku, ke ce jami'ar harshe da furuci, bakin yaron naki ne. Biri, kai ne jami'in motsa gaɓoɓi, ƙafafunsa naka ne. Mujiya, ke ce mai nazarin hali, abin da ke cikin kansa naki ne. Malam Zomo zai aiwatar da abin da muka yanke. Ni ce mai daidaita tsakani. Uwar yaro ma mamba ce, za ta zauna daga can. Ƙa'ida ɗaya ce: ba a duba yaro sai kowa na nan, don kada wani ya ga abin da wani bai gani ba."

Haka aka yi. Kullum sai su kewaye Jatau gaba ɗaya, kowa na gabatar da kansa da ƙarfi don kada a raina muƙaminsa, shi kuma ya dunƙule. Aku ta ce ba za ta fara ba sai baki ya fito, fito da baki kuwa aikin Biri ne. Biri ya sa yatsa, ya sha suka, ya ce gaɓoɓi lafiya lau, matsalar daga kai take. Mujiya ta ce ba ta nazarin kan da ba ta gani ba. Daga nan aka shiga gardamar ƙayar a ƙarƙashin wa take.

Malam Zomo ya tambayi abin da zai yi da yaron gobe da safe. Shamuwa ta ce tambaya ce mai kyau, sannan ta sanar cewa a can an daina cewa mai buƙata ta musamman, yanzu mai salon koyo na kansa ake cewa. Tasalla ta so ta faɗa musu a gida har surutu Jatau yake yi, aka ce lokacin iyaye a ƙarshe yake. Kullum kafin a kai ƙarshe ruwa ya sauko.

Da gardama ta yi tsanani, Shamuwa ta kira taron bita a gindin kuka, hayin rafi, don a shata wa kowa iyakarsa. Aka bar Malam Zomo a aji, domin ihun zaman kwamiti ya sa muryarsa ta dusashe, da raɗa yake koyarwa. Bayan 'yan kwanaki hancin Jatau ya leƙo, sai ido. Kafin gero ya fitar da kai, yaron yana ware ganye yana faɗin sunayensu.

Labari ya haye rafi. Kwamiti ya taso gaba ɗaya zai zo ya gani da idonsa, Biri har da ganga, ga jarrabawa ta matso. Tasalla ta yi gudun da ba a san bushiya da shi ba, ta tare su a mashigi.

"Ranki ya daɗe, Malama, godiya na zo yi. Wannan sabon tsarin naku ya karɓe shi ƙwarai. Tallafi daga nesa."

Shamuwa ba ta taɓa jin kalmar ba. Ta sauya ƙafa.

"Ai shi ake yayi a can yanzu," in ji ta. "Na so ne ku saba da na baya tukuna."

Nan take aka juya. Aka aika wa Malam Zomo muƙamin jami'in sassauta murya, shi kuwa da ya ji daɗin sunan, ko da muryarsa ta dawo bai sake ɗaga ta ba. Jatau ya ci jarrabawa. Gwanki ya ce dama ya san yaron na da kai.

Da kaka ta yi Shamuwa ta tashi zuwa ƙetare don ta gabatar da tsarin, an ce an tafa mata. Sauran suna nan gindin kuka, ba su gama raba ƙayar ba. Tasalla kan kai musu fara lokaci-lokaci, tana roƙonsu don Allah kada su yi gaggawa.