Rasuwar Na-Ƙarshe-Na-Gaske-Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ma ya samu wurin zama a cikinta, ni Rukhsana Talukder nake sanar da rasuwar fayil ɗin saitinmu, wanda aka fi sani da Na-Ƙarshe-Na-Gaske-Biyu. Ya rasu cikin watan azumi a ofishinmu na Dhaka, yana da shekara bakwai da layi ɗari huɗu da sha ɗaya.

Manhajar da muke sayar da tikitin jirgin ruwan Barisal da ita a gajimaren intanet take, ba ta da na'urar kanta. Sai mai saye ya taɓa ta take farkawa, ta yi aiki, ta koma barci, ko sunanta ba ta tunawa. Marigayi ne yake gaya mata komai, daga yawan ɗakunan jirgi har inda mabuɗi yake. Ba shi da ƙorafi, sai in ka ƙara masa tazara ɗaya a farkon layi, nan zai ce "kuskure a layi na tara", alhali kuskuren yana can na ɗari biyu. Halinsa ne, mun yafe masa.

A gefen layukansa akwai wasiyyoyin abokan aikin da suka riga mu tafiya Toronto. Shibli bhai, wato yaya Shibli, ya rubuta: "Rukhsana apa, yayata, don girman Allah kar kowa ya taɓa lambar nan, ta cunkoson Sallah ce."

Ciwon ajali ya kama shi ranar da shugabanmu Imrul bhai ya dawo daga taron kwana biyu da sabuwar jaka da sabon ilimi. Ya ce a kwashe saiti a kai rumbun waje, haka duniya take yi yanzu. Gaskiyarsa kuwa. Sai dai shi rumbun, lambobi kawai yake karɓa, ba ya karɓar wasiyya. Na faɗa, aka ce tsoron canji nake yi. Imrul bhai ya ga wata lamba tsirara babu bayani, ya share ta da hannunsa mai albarka.

Ranar jajiberin Sallah aka sayar wa iyali goma sha ɗaya ɗaki guda. Da aka zo bincike sunana aka gani a kan fayil, tunda shekara bakwai ni nake jinyarsa. Wallahi abin ya ci mini rai.

Marigayi ya bar kwafi uku, babu biyun da suka yi kama, da wansa Na-Ƙarshe-Na-Gaske-Ɗaya, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe huɗu a ɗakin taro, inda zan miƙa katin shiga ofis, tunda aikina a nan ya ƙare. Imrul bhai zai yi jawabi kan darussan da muka koya. Akwai shayi da shingara, wato samosarmu ta nan. Masu ta'aziyya su zo da wuri, don akwai wata lamba irin waccan, ta damina, ita ma ta shiga rumbu babu wasiyyarta. Har yau ba wanda ya tambaye ni wacce ce, ni kuma ƙarfe biyar zan kama hanya.