Alayyafon da Na Dasa da Safe

Ba na jin zan taɓa mantawa da bazarar da na naɗa kaina malamar lambu, ni da ko tushen barkono ban taɓa rayawa ba.

A Dutsin-Ma nake aure, amma duk Asabar ina zuwa Kurfi koyar da matan aure karatu da rubutu. Wata rana ina latse-latsen waya na ci karo da bidiyon wata Baturiya tana nuna yadda ake cika fili kamar tabarma biyu da kayan miya. Ƙasa ake tarawa ta yi tudu, a kewaye ta da katako, a shuka iri kusa da kusa. Na kalla sau uku, na ji na ƙware. Na ɗauko takarda na zana bayan ɗakina: nan alayyafo, nan salak, nan albasa, kuɓewa a jikin katanga. Har da jan biro. (Maigidana ya duba ya ce zanen ya yi kyau, sannan ya tambaya ko za mu ci gaba da cefane kafin nan.)

Da a gidana na tsaya da abin ya zo da sauƙi. Asabar na zagayowa na ajiye darasin ranar, na zana wa ɗalibaina tudun a allo, na ce wannan shi ne noman zamani, kowace ta je ta yi a tsakar gidanta. Na ƙara da alkawarin bayan wata guda za su zo su ga nawa. Su goma sha biyu ne, kuma a wurinsu duk abin da Malama ta faɗa ya zauna.

Abin da ban lura da shi ba, Baturiyar nan rigar sanyi ce a jikinta, garinsu kuma kullum ruwa ake yi. Mu nan masu lambun madatsar ruwan Zobe ƙasa-ƙasa suke haƙa fangali don ruwa ya kwanta a ciki. Ni kuwa na ɗaga shukata sama na miƙa wa ranar bazara. In na zuba ruwa da safe ya gangare ta gefe, kafin azahar ƙasar ta bushe ƙayau. Irin ya tsiro, ya leƙo duniya, ya ƙone. Duk Asabar in na tambayi matan ya lambu, sai su ce alhamdu lillahi. In sun tambayi nawa, in ce sai dai kun gani.

Ranar da za su zo, babu ko ganye ɗaya a bayan ɗakina. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na yi sammakon kasuwa na sayo alayyafo mai saiwa, na zo na bi layi ina tsattsoka shi a ƙasa, na yayyafa ruwa. Wallahi ya yi kyau. (Har hoto na ɗauka, yana nan a wayata don in riƙa tuna ko ni wace ce.) Lissafina da hantsi za su iso, su gani, su tafi. Sai motarsu ta lalace a hanya, ba su shigo ba sai bayan azahar.

Lokacin alayyafon duk ya sunkuyar da kai. Na gyara murya na ce haka yake yi in rana ta take, hutawa yake. Cikinsu akwai Inna Rabi, wata dattijuwa 'yar Rawayau da mijinta ke noman rani. Ta duƙa ta ɗan ja ɗaya. Sai ga shi ya taso gaba ɗaya, shi da 'yan'uwansa biyar, saiwar a wanke tas, kabar mai sayarwa tana ɗaure a gindinsu. Cikin sauri na mance ban kwance wannan ba.

Ta juya shi a hannu ta ce, "Malama, wanga iri ina kika samo shi? Mu dai namu ba ya fitowa da ɗauri."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba wadda ta yi dariya, kuma da sun yi da na fi samun sauƙi. Na tsaya nan, gumi har cikin hijabi, na faɗa masu komai.

Sai Hadiza, wadda ke zama a layin baya ba ta cika magana ba, ta sauke ajiyar zuciya. "Ashe ke ma naki ya mutu, Malama? Ni sau uku ina shukawa. Na ɗauka kaina ne ba ya ɗaukar karatu. Har na ce ma maigida daga yau na bar makaranta."

Ɗaya bayan ɗaya suka amsa. Duk goma sha biyun nasu ya ƙone, kowace ta ɓoye, tana ganin ita kaɗai ce daƙiƙiya. Wannan ya fi ɗaurin alayyafon yi mini zafi, har yau kuwa.

Hadiza ba ta bar makaranta ba, amma sai da na bi ta har gida na ba ta haƙuri. Ni kuma na koyi cewa in abu ya ƙi ni, in faɗa da wuri, don akwai mai zargin kanta a layin baya. Wadda kuma ta nace sai ta yi irin tawa, to, don Allah ta kwance ɗaurin.