Lambar Rediyon Hajiya Ladi

Ba zan taɓa mantawa da watana na farko a kamfanin intanet ba, lokacin da na tara wa wata tsohuwa jama'a a ƙofar gida kan laifin da ba ta ma san akwai irinsa ba.

Kamfanin ƙarami ne. Muna da dogon ƙarfe wajen Ƙofar Dawanau, daga nan muke harba intanet zuwa gidajen cikin gari. Kowane gida da farar na'urarsa a kan soro, wadda muke kira rediyo (duk da ba ta taɓa karanta wa kowa labarai ba). Ni kuwa aikin gwaji nake yi. Ana nan sai mutanen unguwar Kabara suka fara ƙorafin layinsu ya yi nauyi. Oga Sani, mai kamfanin, zai yi tafiya, ya ce in ya dawo ban gano abin da ke shaƙe layin ba, to in nemi wani aikin. A hankali ya faɗa, ba tsawa, shi ya sa ma na san da gaske yake.

Na buɗe kwamfuta ina shiga rediyon gidajen ɗaya bayan ɗaya. Kowace tana da shafin da ke nuna yawan datar da ta ratsa ta. Duk gidan da na duba, lambar 'yar ƙarama ce. Da na zo kan ta Hajiya Ladi sai na ga lamba zungureriya, sai da na miƙe tsaye. Tsohuwa ce da ɗanta mai aiki a Saudiyya ya sa mata layin don su riƙa gaisawa ta bidiyo. To me za ta yi da wannan uwar data? Nan take na yanke hukunci (ni ne alƙali, ni ne shaida): daga gidanta ake sayar wa rabin unguwa intanet ɗinmu.

Washegari da hantsi na isa da tsani. A cikin gari ba a hawa soro kai tsaye, sai an aika maƙwabta an ce namiji zai hau sama, mata su kintsa. Saboda haka kafin in taka tsanin, duk lungun ya san da zuwana, maza sun fito kallo. Na hau na nemi wayar sata, ban ga ko ɗaya ba. Mai hankali da nan zai dakata. Ni kuwa tsoron kora ya rufe mini ido, na zare wayar rediyon, ta mutu, na sauko.

Hajiya ta fito zaure da hijabinta. "Ɗan nan, me na yi muku?"

Na zuba mata bayani da muryar da kowa zai ji, har kalmar sata ta fito daga bakina. Ta ce ita ban da danna hoton ɗanta ba abin da ta iya a waya. Malam Habu, wani dattijo maƙwabcinta, ya ce ba a jifar mace mai shekarunta da irin wannan magana sai da hujja, in nuna musu. Na ce ai hujja tana nan. Na koma sama na mayar da wayar, na buɗe kwamfuta a tsakiyar zaure, kawuna suka rufe ni.

Lambar ta koma sifili.

Na sake buɗe shafin, haka. Na kira Oga, na ƙara muryar wayar don kowa ya ji ya goya mini baya.

"Kafin ka zare, ka duba tun yaushe take a kunne?" ya tambaya.

Na ce a'a. Ya yi dogon numfashi, sannan ya yi bayani, jama'a na saurare. Rediyo tana fara ƙirga ne daga lokacin da aka kunna ta, in ta mutu ta koma farko. Sauran gidajen kullum ana ɗauke musu wuta, don haka lambarsu ba ta girma. Gidan Hajiya kuwa sola ce, rediyonta ba ta mutu ba tun azumin bara. Gaisuwar uwa da ɗa ta wata da watanni na gani a tare, na ce sata ce. In ina son sanin wanda ke jan layi a yanzu, akwai shafin da ke nuna gudun datar, ban ko leƙa shi ba.

Na durƙusa na ce Hajiya ta yafe mini. Ta karɓi wayar daga hannuna, ta ce wa Oga:

"Alhaji, kada ka kore shi, tsoro ne ya yi masa yawa. Amma duk wanda ya ji an ce na yi sata, yaron nan ya bi shi har gida ya gaya masa ba haka ba ne."

Haka na wuni ina sallama ƙofa ƙofa a Kabara, ina ƙaryata kaina. Daga baya muka gano wani sabon bene ne ya tare tsakanin unguwar da ƙarfenmu. Aiki dai bai kuɓuce mini ba. Amma har yau in na ga lamba ta yi tsawo, kafin in buɗe baki sai na tambaya ko gidan akwai sola.