Ranar Awon Sadik

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da tsufa zai kwashe min sauran ranakun duniya.

Lokacin ina aiki a wani kamfanin fata a Challawa, muna zaune da matata Rabi a gidan haya a Panshekara. Ɗanmu na fari, Sadik, yana wata huɗu. An haife shi ɗan mitsitsi, ruwan nono kuma bai zo sosai ba da farko, sai asibitin unguwa suka sa mu cikin gidajen da ma'aikaciyarsu take bi. Malama Binta ke nan. Duk sati biyu za ta zo da jakarta da sikelinta, ta auna yaro, ta duba yadda yake kama nono, ta zauna su yi hira da Rabi.

Ni kuwa ban taɓa ganinta ba. In fita yaro yana barci, in dawo yana barci, ran Lahadi kuma ga ƙwallo a gidan kallo. Amma duk abin da Rabi ta ba ni labarin an koya mata, sai in kwashe in kai kamfani, in juye wa abokan aiki lokacin cin abinci kamar ni na gano shi. "Kada ku yarda a ba jariri ruwa kafin wata shida!" Magidanta masu 'ya'ya bakwai suna gyaɗa min kai. (Har tafiyata sai da ta canza.)

To ran nan injin sashenmu ya tsaya, aka sallame mu da hantsi. Ina shiga gida na tarar da baƙi biyu a kan tabarma a ƙofar ɗakinmu: Malama Binta, da shugabarta, wata dattijuwa mai tabarau da suke kira Hajiya. Ita Hajiya zagaye take yi tana tambayar iyaye ko sun gamsu da ziyarar da ake kawo musu. Rabi tana cikin ɗaki tana neman katin awon yaro.

Hajiya ta ce, "Alhamdu lillahi, yau mun dace da maigida. Da wuya mu tarar da maza. Malam, ku zauna, muna da 'yan tambayoyi."

Na zauna, na harɗe ƙafa, na gyara murya.

"Kuna ganin ziyarar nan tana da amfani?"

Na ce, "E to, Hajiya, tana da amfani, musamman ga gidajen da mazan ba sa kula. Mu nan gaskiya yawancin abin mun riga mun sani."

Ta rubuta. Malama Binta ta sunkuyar da kai tana gyara sikeli.

"Kuna taimaka wa maman yaro wajen reno?"

"Ai Hajiya, yaron nan ko kuka ya yi, daga sautin nake gane abin da yake so."

Wannan ma ta rubuta, har da cewa masha Allah.

Sai Malama Binta ta ɗaga murya: "Maman Sadik, a kawo shi mu auna."

Na yi wuf na miƙe. "Ku bar ta ta nemi kati, ai ga ubansa." Can gefe a inuwa, dab da tagarmu, ga jariri kwance a kan katifa, an naɗe shi da shawul, an ja masa hular saƙa har goshi. Na sunkuce shi, na ɗan jefa shi sama na cafe, ya ƙyalƙyale da dariya. Na ce, "Kun gani ko? Ya san hannuna."

Malama Binta ta kalli jaririn, ta kalle ni. Ta ce a hankali, "Malam, Sadik ne wannan?"

"Shi ne mana."

"Kun tabbata?"

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce, "Malama, ke sau biyu a wata kike ganinsa. Ni kullum muna tare."

Ta karɓa ta ɗora a sikeli. Hajiya ta leƙa sikelin, ta leƙa littafin Malama Binta, ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Ikon Allah! Kusan kilo biyu a sati biyu?"

Mai hankali da a nan zai ja birki. Ni kuwa sai na ƙara mai. Na ce, "Ai ba banza ba, Hajiya. Hanta nake sayo wa uwar, ga kifi, ga zogale. Tsari ne." (Hantar sau ɗaya na taɓa sayowa, kuma ni na ci rabi.)

Hajiya ta ce a cire shawul da hula a sake aunawa don a tabbatar. Ni da hannuna na zare hular.

'Yan kunne. Guda biyu, jajaye, suna ƙyalli.

Na tsaya riƙe da hula ina kallonsu. Wallahi abin da ya fara zuwa min shi ne, yaushe Rabi ta huda wa yaron nan kunne ba ta gaya min ba?

Daidai nan maƙociyarmu ta fito daga banɗaki da bokiti, ta ga katifa wayam, ta saki bokitin. "Wayyo, Walida! Wa ya ɗauke min Walida?" Labulen ɗakinmu kuma ya ɗaga, Rabi ta fito da kati a hannu. Ta juya za ta sa takalmi, sai ga Sadik goye a bayanta, yana barcinsa hankali kwance.

Matan sauran ɗakunan duk sun leƙo. Malama Binta ta miƙa wa maƙociyarmu 'yarta, tana cewa, "Ga ta nan, Maman Walida, awon kyauta ta samu." Daga nan wata ta fashe da dariya a bayan labule, sauran suka ɗauka. Hajiya ta yi ta maza ta danne, amma kafaɗunta rawa suke. Na ga ta ɗora biro ta ja layi a kan wani abu da ta rubuta. Ban tambayi ko mene ne ba.

Rabi ba ta yi dariya ba. Kwanto yaron ta yi ta ɗora min a hannu, ta ce, "Baban Sadik, ga Sadik."

Ashe haka yake ba nauyi. Ina jin ƙashin bayansa a tafin hannuna. Ya buɗe ido ya ƙura min, irin kallon da ake yi wa baƙo.

Aka auna shi. Ya ƙaru, kaɗan ne amma ya ƙaru, Malama Binta ta ce ya kama hanya, a ci gaba da yadda ake yi. Rabi ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sai a lokacin na gane sati biyu ke nan tana jiran wannan awon da fargaba, ni ban ma sani ba.

Hajiya ta juya wajen Rabi. "Tambaya ta ƙarshe. Kun gamsu da aikin Malama Binta? Akwai abin da kuke so a ƙara?"

Rabi ta ce, "Na gamsu ƙwarai, Hajiya, Allah Ya saka mata. Abin da za a ƙara ɗaya ne. In ana zuwa, a riƙa nuna wa mazan 'ya'yansu."

Hajiya ta ce wannan shawara ce mai kyau, kuma ta rubuta.

Mijin Maman Walida a kamfaninmu yake aiki, saboda haka kafin in isa washegari labari ya riga ni. Har yau akwai masu kirana Baban Walida. Tun daga ranar dai ni nake yi wa Sadik wankan Lahadi, yanzu ko a cikin yara hamsin daga ƙeya nake gane shi.

Abin da na koya kuwa, in mace mai sikeli a hannu ta ce maka "Malam, kun tabbata?", ba tambaya take yi ba. Taimakonka take yi. Ka yi shiru, ka sake duba abin da ka ɗauko.