Kakin Aro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi aikin soja na rabin yini ba, kuma ko na so in manta, akwai tsofaffi a unguwar Lazaret da ba za su bari ba.

A shekarun fari ne, sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. Ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Yamai, saurayi ɗan Maraɗi, mai farar riga da biro a aljihu, ana kirana Mushe, laƙabin malamin boko a wurinmu, ina jin kaina a sama. A majami'armu kuwa akwai Rahila, 'yar Dogon Dutsi, malamar asibiti. Ina son ta sosai, amma ban taɓa faɗa mata ba. Na ɗauka duk mai ido ya san ni ne na dace da ita, saura kawai ita ma ta gane.

Sai ga Sarjan Dauda ya fara zuwa sujada. Dogo ne, ba ya da yawan magana, kuma in an tashi shi ke raka Rahila gida. Kishi ya kama ni har abinci ya daina yi mini daɗi. Mu malaman makaranta a lokacin muna da magana guda a kan soja: wanda ya kasa jarrabawa shi ke shiga bariki, a aske masa kai tare da abin da ke ciki. (A hankali muke faɗa, bayan mun waiga hagu da dama.) Na yi ta tambayar kaina me mace mai ilimi ta gani a wurin mutumin da karatunsa bai wuce hagu-dama ba. Daga ƙarshe na yanke cewa kakin ne kawai.

Da bikin ƙarshen shekara ya matso, na shirya wasan kwaikwayo a kan wani soja dolo, na kuma ba kaina matsayin. Na yi makonni a gaban madubi ina koyon sara wa babba da hannun hagu, ina karkace baki, ina harɗe ƙafafu. Na gayyaci Rahila. Kuma don rashin kunya, wurin Dauda na je aron kaki, na ce masa wasan yabon sojoji ne.

Ya kawo mini tsohon nasa, a wanke a goge, da gala, wato alamar muƙamin sarjan, a hannu. "Mushe, abu ɗaya nika roƙo," in ji shi. "Kada ka sa shi bisa hanya. Sai ka shiga lakwal."

Na ce to. Amma da safiyar bikin, da na gwada shi a ɗaki na ga yadda kafaɗuna suka buɗe, sai zuciya ta ce mini in biya ta asibitin Rahila ta gan ni. In kaki take so, ga kaki, ga kuma ilimi a cikinsa.

Abin da na manta shi ne, ranar rabon hatsi ce. Filin gaban asibitin cike yake da mutanen da fari ya koro daga ƙauyuka, dabbobinsu sun ƙare, suna zaune da ƙorai tun safe. Suna hango kaki suka miƙe suka yo kaina. Wani dattijo ya riƙe hannuna yana magana da Zabarmanci, wanda ban san komai a cikinsa ba sai gaisuwar "fofo". Wata mata ta ɗago mini jaririnta tana bayani da Fulatanci. Ni kuwa na buɗe baki na zuba musu Faransanci mai kyau, irin na gaban sufeton makarantu. Suka dube ni, suka dubi juna.

Ina cikin wannan zufa sai motar sojoji ta tsaya da buhuna. Wani kofur ya diro, ya ga gala, ya ƙame ya sara mini. "Sarjan, ina za mu sauke?"

Jikina bai yi shawara da ni ba. Hannun hagu ya tashi da kansa, baki ya karkace, ƙafafu suka harɗe, daidai yadda na koya musu a gaban madubi. Mutanen da yunwa ta hana magana suka fashe da dariya. Wata mai sayar da ƙosai a gefe ta ce da ƙarfi, "Kun gani ko? Haka suke. An ba su ƙasa, ko gaisuwar tasu ba su iya ba."

Kofur bai yi dariya ba. Ya matso ya tambaye ni wace runduna nake, wa ke shugabana. A wancan zamani, farar hula da aka kama cikin kaki ba lakwal yake komawa ba. Na sunkuyar da kai. Da na ɗaga kai, ga Rahila a ƙofar asibiti, ta rufe baki da hannu.

Ƙarar mobilet, ɗan ƙaramin babur, ce ta cece ni. Dauda ne, cikin riga 'yar shara, ya zo ɗaukar Rahila zuwa kallon wasana. Ya dube ni sau ɗaya, ya ja kofur gefe ya ce, "Malamin makaranta ne. Ni na ara mishi, laifina ne." Sannan ya juya ga jama'a. Ya yi wa dattijon magana da Zabarmanci, ya amsa wa matar da Fulatanci ya tura ta wurin Rahila, har Buzayen da ke zaune nesa ya gaya musu wani abu da yarensu suka taso. Kafin in gama share zufa an jera, masu jarirai a gaba. Na tsaya ina kallo, kuma maimakon godiya, wani sabon kishi ne ya taso mini.

Kofur ya ce sai na tuɓe rigar nan take. Na tuɓe a gaban kowa, na rage daga ni sai 'yar ciki mai huji a kafaɗa. Rahila ta miƙo mini wani zane in yafa. Na tattara ɗan sauran mutuncina na ce mata ai wasan yabo ne na shirya.

"Mushe, bari," in ji ta. "Duk unguwa an san abin da ke cikin wasan, shi ma ya sani tun kafin ka je aro. Cewa ya yi ba komi, su ma a bariki irin wannan dariyar suka yi ma malaman lakwal."

Ba a yi wasan ba. Dauda ya sha kulle a bariki saboda kakin da ya ara mini, bai kuma taɓa tayar mini da maganar ba, abin da ya fi zagi ciwo. Da damina ta dawo aka ɗaura musu aure. Na je, na ci shinkafa, na yi murmushi har kumatuna suka gaji, ina kallon ango ina neman aibu ko ɗaya ban samu ba.

Har yau in ana hira aka ce soja ba ya da ƙwaƙwalwa, nakan ci gaba da shan shayina kawai. Na zauna a Yamai tsawon mulkin soja, kuma soja dolo guda ɗaya tak na taɓa gani da idona. A madubin ɗakina na gan shi.