Rajistar Jarrabawa da Rakiyar Mai Unguwa

Ba na jin zan taɓa mantawa da makon da aka ɗora mini rajistar jarrabawar fita ta ɗalibanmu a intanet. Makarantarmu tana wani gari ne a hanyar Mai'adua, kuma duk cikin malamai ni kaɗai na taɓa shiga makarantar koyon kwamfuta a Daura (wata uku ne, zazzaɓi ya cinye ɗaya, amma ba wanda na gaya wa). Saboda haka Injiniya ake kirana, ni kuma ina amsawa da ƙarfi. Ranar Litinin aka ba ni aikin, ranar Juma'a za a rufe shafin. Duk ɗalibin da sunansa bai shiga ba, sai baɗi.

Tsarin shafin shi ne sai ka cika bayanan aji guda cif, sannan ka danna ajiyewa. To, ina cikin cikawa, na yi nisa, da na ɗan juya baya sai in tarar ya koma farko yana neman lambar sirri, kamar bai taɓa ganina ba. Duk abin da na rubuta ya bi ruwa.

Na ce netwok ne. Ai a garinmu waya kan kama layin Nijar ba tare da ka aike ta ba. Na canza layi, na ɗaure wayar a reshen darbejiya da igiyar guga, abu bai canza ba. Ranar Talata na ce cutar kwamfuta ce, na goya ta a babur har Daura, wani mai gyara a kusa da rijiyar Kusugu ya wanke ta tas. Na dawo, jiya i yau.

Daga nan sai zargi ya shigo. Ofis ɗaya muke da Malama Binta mai koyar da lissafi, teburinta na fuskantar nawa. Ta ce, "Malam, in ka tashi fa akwai wani ɗan akwati da ke fitowa..." Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce, "Malama, harkar nan sai wanda ya karanta ta." Na ɗauko kwali na rubuta KADA KOWA YA TAƁA, na jingina a jikin kwamfutar, ina kallonta ta wutsiyar ido. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da makin ɗinta.

Labari ya bazu a gari, iyaye suka fara zuwa jin ba'asi. Ni kuwa gidanmu ba a gaida babba a zaune, kuma baƙo ba ya tafiya ba rakiya. Kowa ya zo in tashi, mu gaisa, in kwantar masa da hankali, in raka shi bakin ƙofar makaranta. Ranar Alhamis ta yi, aji ɗaya kacal na shigar cikin uku.

Firinsifal ya shigo tare da Alhaji Sale, shugaban ƙungiyar iyaye, wani dillalin shanu da ba ya tauna magana. Firinsifal ya ce, "Injiniya, nuna mana ciwon da idonmu." Na gyara zama na hau aiki. Rabin awa ina bugawa, shafi lafiya lau, ko tari bai yi ba. Gumi ya fara keto mini. Ana haka sai ga sallamar mai unguwa. Tsalle ɗaya na yi na cire takalmi na durƙusa. Ranka ya daɗe, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya ƙafar Hajiya, saniyar nan ta haihu kuwa? Da ya juya na bi shi, kuma da yake hira ta yi daɗi, sai da muka kai bakin masallaci.

Na dawo na tarar da su biyun da Malama Binta sun yi cirko-cirko a gaban kwamfutar, kwalina yana ƙasa. Abin mamaki, aikina yana nan ko harafi bai ɓace ba. Malama Binta ta ce, "Ka yi haƙuri Injiniya, na taɓa. Umarnin Firinsifal ne." Sannan ta yi bayani a hankali, irin yadda take yi wa 'yan aji ɗaya. In aka bar shafin minti goma ba a motsa shi ba, sai ya fito da gargaɗi yana tambaya ko kana nan, ya ba ka minti ɗaya ka danna. In ba ka danna ba ya fitar da kai, don kada wani ya shiga bayanan yara. Tun Litinin take ganinsa yana ƙirge har ya gama, ni ina can ina rakiya.

Alhaji Sale ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ashe na'urar ma 'yar mutunci ce! Tana neman izini kafin ta tafi, mai gidan ne ba ya zama." Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na sunkuya na tsince kwalina.

Firinsifal ya yanke hukunci nan take: ba ni ba tashi daga kujerar nan, shi zai zauna a baranda ya karɓi gaisuwa. Malama Binta na karanto sunaye, ina bugawa. Safiyar Juma'a, saura ɗalibai kaɗan, sai ga surukina da kansa a bakin taga, ya zo wucewa ya ce bari ya leƙo ni. Ƙafata ta fara tashi da kanta. Malama ta ce, "Malam!" Haka na gaida baban matata a zaune, idona a kan allo, hannu ɗaya a sama kamar direban mota. Kafin kiran sallah sunan kowa ya shiga.

Da la'asar na je gidan surukin nawa ba da haƙuri da ƙullin goro. Ya ja ni da tsiya ya ce an ba shi labarin ya samu suruki Bature, sannan ya karɓa. A nan na gane cewa mutum zai yafe maka gajeriyar gaisuwa in ka bi shi gida da goro, amma shafin nan ba ya cin goro.