Yashin Banza

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Kawu ya tsuguna a tsakar gidana ba, ko da kuwa na so in manta.

Ni ma'aikacin lafiya ne a Anka. Aikina yawo ƙauyuka ina gargaɗi kan gubar dalma: kada a shigo da ƙasar zinare gida, kada yara su taɓa ta. (Har lasifika gare ni, jama'a.)

Akwai ɗan filin ciyawar ƙiri-ƙiri a tsakar gidana inda 'yata Hafsatu, mai shekara uku, ke wasa. Da sunan ƙaninta ya matso, sai na ga ciyawar nan ƙauyanci ce. Na sa aka kafce ta, na sayo intalok, bulon simintin da ake shimfiɗawa a ƙasa. Saura yashin da za a zuba ƙarƙashi. Wani mai kura ya ce akwai tari bayan gari, mai laushi kamar gari, kyauta. Ban tambayi komai ba. Banza ta faɗi, ni kuma na buɗe ƙofa.

Kwana huɗu Hafsatu na tuwon ƙasa a ragowar tarin.

Ranar suna na tara mutane, har da abokan aikina, ina nuna musu daɓena. Kawu, ƙanin Inna, wanda ya binne 'ya'ya biyu shekarar da dalma ta ci ƙauyensu, bai dubi bulon ba. Ya tsuguna, ya ɗebi yashin, ya murza.

"Ɗana, ina kas samo wagga ƙasa?"

Na ce bayan gari.

"Wagga ai ta bakin injin niƙan zinare ta. Ina ɗiyarka?"

Tana bayana, hannu dumu-dumu.

Ba wanda ya yi dariya. Da ma an yi, da ya fi mini sauƙi. Abokan aikin da suka zo cin nama su suka ɓamɓare intalok ɗin washegari, suka kankare gidan. Aka auna jinin Hafsatu, aka samu dalmar, aka ɗora ta kan magani. 

Har yau nakan tsorata idan yarinyar ta yi zazzaɓi. Na dai koyi cewa mai lasifika shi ne na ƙarshe da ke jin abin da lasifikar ke faɗa. Ciyawar kuwa na sake dasa ta, ta ƙi kamawa.